Yadda ake bin diddigin takardun ɗan takara a Legas

Da zarar kakar zaɓe ta kunno kai, saƙonnin murya sukan cika wayoyin mutanenmu tun daga Agege har Alaba Rago: wane ba ɗan ƙasa ba ne, wane bai gama sakandare ba, wane ya rage shekaru, in yana da gaskiya ya fito da takardunsa. A teburin mai shayi a Idi-Araba ko a rumfar 'yan tumatir a Mile 12 sai a raba dare ana musu, amma da wuya ka ga wanda ya taka ya je inda takardun suke. Alhali ofishin INEC na jiha yana titin Birrel a Sabo, Yaba, babban ofishin WAEC na Najeriya shi ma yana Yaba, kuma jirgin ƙasa na Red Line yana ɗaukar mutum daga Agege ya sauke shi a can.

Zargin da ake yi wa 'yan takara ba duka ne ƙarya ba. A 1999 mujallar TheNews ta bi diddigin Salisu Buhari, kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, aka gano Jami'ar Toronto da ya ce ya yi karatu a cikinta ba ta san da zamansa ba kuma ya ƙara wa kansa shekaru, dole ya sauka. Ba kuma duka ne gaskiya ba, domin kowa ya tuna maganar Jubril na Sudan, wai shugaban ƙasa ya rasu an sa wani mai kama da shi a kujerarsa, wadda sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya fito a Folan a Disambar 2018 ya ce shi ne dai ba wani ba. Abin da ya raba biyun shi ne na farko yana da ofishin da za a je a tambaya, na biyu ba shi da shi.

Saboda haka aikin farko, ɗan'uwa, ka matse zargin ya koma tambaya guda mai amsa e ko a'a. "Takardunsa na bogi ne" ba tambaya ba ce. "Shin ya zauna jarrabawar WAEC a shekara kaza, a makaranta kaza, da lamba kaza?" ita ce tambaya. In ka kasa faɗin wace takarda, wace shekara, da wace hukuma ta bayar, to ba ka riƙe komai ba tukuna.

Daga nan ka duba ko abin da ake zargi yana hana takara ma tun farko. A nan ne yawancin musu yake mutuwa. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 131, abu huɗu ya nema ga mai son shugabancin ƙasa: ya kasance ɗan ƙasa ta haihuwa, ya kai shekara 35 (da 40 ne, aka rage a 2018), jam'iyya ta tsayar da shi, kuma ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Sashe na 177 haka ya faɗa a kan gwamna. Sanata shekara 35, ɗan Majalisar Wakilai da na majalisar jiha 25. Digiri ba ya ciki. Takardar hidimar ƙasa ba ta ciki. Zama ɗan asalin jiha shi ma ba ya ciki, kuma wannan ya kamata ya zauna a kunnen duk Bahaushen da aka haifi kakansa a Agege amma har yau ana ce masa baƙo.

Wannan "makamancinsa" faɗi gare shi. Sashe na 318 ya lissafa takardar malanta ta Grade II, ya lissafa karatu zuwa matakin sakandare ko da ba a ambaci cin jarrabawa ba, har ma da mai takardar firamare in ya yi aikin shekara goma, ya halarci kwasa-kwasai da suka kai shekara guda, kuma yana iya karatu da rubutu da Turanci yadda INEC ta gamsu. Ke nan wanda ya faɗi lissafi da Turanci bai rasa cancanta ba. Haka batun haihuwa: a ƙarƙashin sashe na 25, wanda aka haifa a Makka ko Yamai ɗan ƙasa ne ta haihuwa muddin uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne. A 2019 an tayar wa Atiku Abubakar da maganar cewa Jada tana cikin Kamarun Ingila lokacin da aka haife shi a 1946. Yankin ya shigo Najeriya bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, kuma maganar ba ta hana shi sake tsayawa a 2023 ba.

Abin da yake kayar da mutum da gaske shi ne miƙa wa INEC takardar jabu, ko da ba a buƙace ta ba. Sashe na 137 ya hana ɗan takarar shugaban ƙasa a kan haka, na 182 gwamna, na 66 'yan Majalisar Tarayya, na 107 'yan majalisar jiha. Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: me ya miƙa, kuma me ya rantse a kai?

Amsar tana cikin fom ɗin EC9, wanda da ake kira CF001. Shi ne takardar rantsuwar da ɗan takara yake cikewa a gaban kotu: suna, tsohon suna in akwai, ranar haihuwa, makarantu da shekarunsu, da kwafin shaidun da ya haɗa. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce a sashe na 29 INEC ta manna waɗannan bayanai a mazaɓar ɗan takara cikin kwana bakwai da karɓarsu, kuma kowane mutum yana iya neman kwafi, ya biya kuɗin da aka sa, a ba shi mai hatimi cikin kwana 14. Majalisa takan taɓa dokar zaɓe kusan duk zango, saboda haka kafin ka rubuta lambar sashe a wasiƙa, ka duba ta a kwafin da ke aiki a ranar. In kansila ko shugaban ƙaramar hukuma kake nema, ba INEC za ka je ba, LASIEC, hukumar zaɓe ta jihar Legas, ce take riƙe da nasu.

Ka dage a kan kwafi mai hatimi, wanda lauyoyi ke kira CTC. Dokar Shaida ta 2011 ta nuna siffarsa: rubutun tabbatarwa a jikin kwafin, kwanan wata, suna da muƙamin jami'in da ya sa hannu, bayan an biya kuɗi. Ka adana rasit. Hoton da aka ɗauka da waya daga allon sanarwa yana da amfani wajen kwatantawa, amma kotu ba ta ɗaukarsa a matsayin takardar hukuma, kuma shi ne ya fi sauƙin gyarawa a kwamfuta kafin ya iso WhatsApp ɗinka.

Sauran takardun da ke hannun hukumomi kuwa, ƙofarsu ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda aka fi sani da FOI. Ba ka buƙatar lauya, ba ka buƙatar faɗin dalilinka. Ka rubuta wasiƙa da Turanci zuwa ga shugaban hukumar, shafi guda ya isa: kwanan wata, sunanka, adireshi da lambar waya, sai ainihin takardar da kake so da shekararta, sai ka ce kwafi mai hatimi kake nema a ƙarƙashin dokar. Wanda ba ya iya rubutu, doka ta yarda wani ya nema a madadinsa. Ka buga kwafi biyu, ka kai da hannu, ka tsaya har a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata a jikin naka. Wannan hatimin shi ne jarinka, domin daga ranar ake ƙirga kwana bakwai da doka ta ba su. Suna iya ƙara wasu bakwai in takardun suna da yawa, amma sai sun sanar da kai a rubuce. In sun ƙi, dole su faɗi sashen da suka dogara da shi. In sun yi shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, kuma kana da kwana 30 ka kai ƙara babbar kotu, inda su ne za su kare kansu. Tarar hana bayani ba bisa ƙa'ida ba naira 500,000 ce. Kuɗin da za a karɓa hannunka bai wuce na yin kwafi ba. An daɗe jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta shafe su ba, har Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025, a wata shari'a daga Edo, cewa ta shafe su.

Wasiƙu da yawa suna faɗuwa ne tun daga rubutu. Wani ya cika shafi uku da zagi da tarihin siyasa, wani ya tambayi "me ya sa" maimakon ya nemi takarda, wani ya nemi "duk abin da kuke da shi a kan wane", sai hukuma ta sami hanyar zillewa. Wani kuma ya kai wa ofishin da bai riƙe takardar ba. Doka ta ce su miƙa ta inda ta dace su sanar da kai, amma kwanakinka ne suke tafiya.

Ka kuma sani akwai katanga. Sashe na 14 na dokar yana kāre bayanan mutum na ƙashin kansa, har da fayil ɗin ɗalibi, sai in mai shi ya yarda, ko bayanin ya riga ya fita, ko maslahar jama'a ta rinjayi sirrinsa. WAEC takan aika tabbacin sakamako ne ga makaranta ko hukumar da ta nema, ba ga mai wucewa ba. Jami'o'in Amurka suna ƙarƙashin dokar sirrin ɗalibai ta 1974, shi ya sa a 2023 sai da Atiku ya je kotu a jihar Illinois kafin Jami'ar Jihar Chicago ta saki takardun Bola Tinubu, magatakardarta kuma ya shaida cewa ya kammala a 1979. Ƙin ba ka fayil ba hujja ba ce cewa babu fayil ɗin. Wani lokacin ma takarda ɓacewa take yi da gaske: babbar kotun Igbosere ta ƙone a Oktoban 2020 da tarin fayiloli a ciki. Dattawa da dama kuma ba su taɓa mallakar takardar haihuwa ba, rantsuwar shekaru suke amfani da ita.

In takarda ta shigo hannu, ka karanta ta da fensir. Jera shekarun a layi guda: haihuwa, firamare, sakandare, jami'a. Wanda ya gama firamare yana ɗan shekara huɗu, akwai magana. Duba ko hukumar da ta bayar tana raye a shekarar: NECO ta fara jarrabawar kammala sakandare a 2000, an ƙirƙiri Katsina a 1987, Jigawa a 1991, Zamfara a 1996. Amma ka bambance shekarar jarrabawa da ranar da aka bayar da takarda, domin wadda aka sake bayarwa a madadin ɓatacciya za ta ɗauki sabon tambari, kuma ba jabu ba ce.

Suna shi ne inda mutanenmu suka fi rikicewa, ta kowane ɓangare. Muhammadu da Mohammed da Mamman mutum ɗaya ne, kuma yaran da suka shiga makarantar kwana da yawa da sunan garinsu aka rubuta su. Irin wannan ba ya kayar da kowa. Amma sunaye mabambanta a takarda bayan takarda, ba tare da ingantacciyar shaidar sauya suna ba, yana kayarwa: ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsarwa, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon a matsayin gwamnan Bayelsa saboda takardun mataimakinsa.

Lokaci kuma ba ya jira. Sashe na 285 ya ba da kwana 14 kacal daga ranar da abin ya faru a shigar da ƙarar da ta shafi kafin zaɓe, da kwana 21 bayan bayyana sakamako a shigar da ƙarar zaɓe. A dokar 2022, wanda ya shiga zaɓen fitar da gwani na jam'iyyar ne kaɗai zai iya kai ƙarar rantsuwar ƙarya Babbar Kotun Tarayya, wadda reshenta na Legas yake Ikoyi. Takardun Chicago sun iso ne bayan wa'adin kotun sauraron ƙarar zaɓe ya cika, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓarsu ranar 26 ga Oktoban 2023. In ka gano wani abu mai nauyi, ka miƙa shi ga ɗan takarar da ke da hurumin ƙara, ko ɗan jarida, ko 'yan sanda tunda yin jabu laifi ne, a makon da ka gano shi.

Kafin ka fara, ka rubuta wa kanka takardar da in ka gan ta za ka yi shiru. Da aka ce ba a Amurka aka haifi Barack Obama ba, ya fitar da gajeriyar takardar haihuwarsa ta Hawaii a 2008, aka ce doguwar ake so. Ya fitar da doguwar a Afrilun 2011, aka ce an haɗa ta a kwamfuta. Mai irin wannan hali ba takarda yake nema ba, kada ka ɓata kuɗin motarka a kansa. In za ka yaɗa abin da ka samo a zauren unguwa ko na kasuwa, ka sa hoton shafin gaba ɗaya da hatiminsa, ka rufe adireshin gida da lambar waya da lambar NIN, ka rubuta ranar da ka nema da ranar da aka ba ka. In ba a amsa ba, ka ce "na nema ranar kaza, ba a amsa ba", kada ka ce "babu". Kiran mutum mai takardar jabu ba tare da shaida ba ɓata suna ne, kuma wanda ya tura saƙon gaba shi ma ana iya kai shi ƙara.