Idan ƙullutu ya dawo a maman da aka yi wa aiki: matakan da za ki bi kafin a fara magani

A ɗakin gwajin tsoka nake aiki, inda ake yanka nama siriri a shimfiɗa kan gilashi a duba da madubin likita. Abin da nake so duk wadda ta taɓa yin sankarar mama ta riƙe shi ne, ƙullutun da ya sake fitowa a maman da aka yi wa tiyata ba lallai halinsa ya zo ɗaya da na farko ba. Kada a ɗauko tsohon sakamako a rubuta miki magani da shi.

Da kin ji tauri kusa da tabon ɗinki, ko fata ta loɓa, ko ta yi ja ta ƙi warwarewa, ki koma asibiti a makon, ba sai ranar da aka ba ki ta zo ba. Sau da yawa tabon ne ya yi tauri, ko kitsen wurin ya daskare bayan gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Amma hannu ba ya bambancewa. Za a yi miki hoton mama da sikanin, sannan ki nemi a ɗebi nama da allura mai kauri. Siririyar allura ruwa da ƴan ƙwayoyi kawai take zuƙowa, nama ya fi ba mu abin aiki.

A wannan naman za a sake duba alamomi uku: ER, PR da HER2. ER da PR suna nuna ko ciwon da sinadaran mata yake girma, wato ko magungunan tamoxifen da letrozole za su yi masa aiki. HER2 kuma ita ce ke nuna ko maganin trastuzumab zai yi amfani. Binciken da ya gwada ciwon farko da wanda ya dawo ya nuna ER tana sauyawa a kusan mace 1 cikin 5, PR a kusan 1 cikin 3, HER2 a kusan 1 cikin 10. Dalilin kamar gonar da aka yi wa feshi ne: ciyawar da ta tsira ita ce mai jure maganin, kuma ita za ta yaɗu. Wadda ciwonta ya daina nuna ER za ta yi ta shan tamoxifen a banza. Wadda kuwa HER2 ta bayyana a nata, ta sami maganin da ba ta da shi a da. Idan kika ga an rubuta HER2 2+, ba a yanke hukunci ba tukuna, sai an yi ƙarin gwajin da ake kira FISH.

A batun adana naman zan daɗe, domin a nan aiki yake lalacewa. A wurinmu dangi ne kan ɗauko naman a kwalba su kawo ɗakin gwaji, wani lokaci daga wani gari. Ƙa'ida ita ce naman ya shiga ruwan fomalin mai kashi 10, wato ruwan da ke hana nama ruɓewa, cikin awa 1 da cire shi, ya zauna daga awa 6 zuwa awa 72. Nakan buɗe kwalba in tarar da nama a ruwan gishiri, ko ƙaton nama an danna shi cikin ƴar roba da fomalin cokali biyu, bayansa ya yi tauri, cikinsa ya narke. Irin wannan yakan nuna babu ER alhali akwai, a hana mace maganin da ya dace da ita. Ki sa mai jinyarki ya tabbatar ruwan ya rufe naman ruf, an rubuta lokacin da aka cire shi, kuma kada a sa kwalbar a firiza. A kai ta ranar. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Sakkwato suna da sashen gwajin tsoka.

Ki kuma nemo dunƙulen kakin da aka adana namanki na farko a ciki, lambarsa tana saman tsohon sakamakonki. Idan muka ajiye tsoho da sabo gefe da gefe, mukan gane ko saiwar na farko ce ta tsiro, ko kuwa sabon ciwo ne daban. Wanda ya tsiro daga saiwar yakan fito kusa da tabo kuma da wuri. Sabon yakan fito a wani ɓangaren maman bayan shekaru, kuma galibi ya fi sauƙin shawo kai. In ya zama sabo ne kuma shekarunki ba su yi nisa ba, ko akwai ciwon a dangi, ki tambayi likita game da gwajin ƙwayoyin gado BRCA1 da BRCA2, domin amsar ta shafi ɗaya maman da ƴan'uwanki mata.

Akwai gwaje-gwaje masu zurfi. Sauyin ƙwayar gado ta ESR1 a cikin ciwon kan bayyana bayan doguwar shan letrozole ko anastrozole, ya sa ciwon ya ci gaba da girma ko babu sinadarin matan. Akwai kuma gwajin wata ƙwayar gadon, PIK3CA. A ganina, kada ki sayar da kadara saboda su idan ciwon bai wuce mama ba. An fi buƙatarsu in ya yaɗu. Kuɗin ya fi amfani a hoton ƙirji, ciki da ƙashi, don a san inda aka tsaya.

Ranar ganin likita ki zo da duk takardunki. Idan an taɓa yi miki gashi a maman, yawanci cire maman gaba ɗaya ake yi. Idan a kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, kin karɓi jan ruwan nan, doxorubicin, akwai iyakar da zuciya ke ɗauka a tsawon rayuwa, dole a san yawan da aka ba ki. Batun sake kemo bayan tiyata kuwa, binciken CALOR na 2014 ya nuna amfaninsa ya fi fitowa ga waɗanda sabon ƙullutunsu ba shi da ER. Ki ce wa likita: "Likita, da wane sakamako aka yanke shawarar nan, tsoho ko sabo?"