Yadda Ake Ɗaukar Hotunan Bikin Aure a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa tsayawa da kyamara a harabar masallaci ranar Asabar da hantsi ya san ɗaurin aure ba ya jiran kowa. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki, liman ya yi addu'a, a shafa Fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an ɗaura. Duka-duka minti biyar zuwa goma ne. In a lokacin kana laluben batir a jaka, ka rasa abin da ba za a maimaita maka ba. Shi ya sa aikin mai hoton biki yake farawa kwanaki kafin ranar.

Da farko, ka zauna da masu biki

Ka tambaye su jerin shagulgulan ɗaya bayan ɗaya: kamu, sa lalle, ɗaurin aure, walima, yinin biki, kai amarya, buɗar kai. Kada ka ɗauka ka riga ka sani, domin yadda ake yi a Kano ba lallai ya zama haka ake yi a Sakkwato ko Damagaram ba, kai ko gida da gida ma akan bambanta. Ku tsayar da maganar kuɗi, yawan hotuna da ranar da za ka miƙa su, ka rubuta musu ko da a saƙon WhatsApp ne.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne ka roƙi a haɗa ka da mutum ɗaya da ya san dangi ciki da bai, ƙanwar amarya ko babban abokin ango. Shi zai raɗa maka cewa waccan mai farin mayafi kakar amarya ce, wancan dattijon kawun ango ne da ya taso tun daga Maraɗi. Kai baƙo ne, ba za ka gane su da ido ba.

A nan kuma za a warware maganar shiga cikin gida. Namiji ba ya kutsa kai wurin mata sai da sallama da iso, kuma gidaje da yawa ba za su yarda ya halarci kamu ko sa lalle ba. Ka nemi mace mai ɗaukar hoto ku yi aikin tare. Matar da ta kau da kai ko ta ja mayafi ta rufe fuska ta riga ta ba ka amsa, ka sauke kyamararka.

Kayan aiki

Ka cika batura aƙalla uku tun daren jajibiri, tunda wuta ba ta da tabbas. Ka riƙe katin ajiya fiye da ɗaya, in kuma kyamararka mai ramin kati biyu ce, ka saita ta ta riƙa zuba kowane hoto a duka biyun. Gilashin gaban kyamara mai zuƙowa na 24-70mm ya isa taro, sai ƙaramin 50mm ko 85mm mai buɗewa zuwa f/1.8, wato mai buɗewa sosai haske ya shiga da yawa, domin fuskoki da ɗakuna masu duhu. Lokacin hunturu kada ka sauya gilashi a waje, ƙura za ta shige ta bar maka ɗige-ɗige a kowane hoto.

Haske, inda aka fi yin ɓarna

Ga ango cikin farar shadda, babbar riga ta sha aiki, rana tana tsaka, hula ta jefa inuwa a goshinsa. Kyamara tana ganin farin nan sai ta rage haske, fuskar ta koma duhu. In ka ƙara hasken don fuska, rigar ta ƙone fat, aikin zaren da aka kashe wa kuɗi ya ɓace. Maganin shi ne ka janye mutane zuwa inuwa, gindin darbejiya ko jikin katanga, ka ɗan taimaka da filasha mai rauni don cike inuwar fuska. Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin ya fi ba ka damar dawo da abin da haske ya cinye.

Ka kula da rumfunan haya masu launi. Jar rumfa tana zuba ja a fuska, shuɗiya ta mai da mutum kamar marar lafiya, saboda haka ka fito da su bakin rumfar. A cikin ɗaki, ka tsai da amarya kusa da taga ko ƙofa, hasken ya zo mata ta gefe. Kada ka ji tsoron kai ISO, wato ma'aunin da ke ƙara wa hoto haske a wuri mai duhu, zuwa 1600 ko 3200. In ana rawa, kada saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa. Filasha kuma ka harba ta sama ta dawo daga silin, kada ka doka ta a idon mutane. Hoton ango da amarya su biyu, ka roƙa a ba ka minti ashirin bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi.

Ranar biki

Ka riga kowa isa. A masallaci ka samu gefe inda kake ganin liman da waliyyai, ka tsuguna, kada ka gitta gaban mai salla. Hannaye a sama lokacin addu'a, rabon goro da alawa, musabahar da ake yi wa ango, duk ka kama su. A ɓangaren mata, a matsa kusa da zanen lalle a hannu da ƙafa, da ɗaurin gwaggwaro, da ƙawaye cikin anko. Kada a ɗauki mutum da loma a baki.

Hoton rukuni kuwa, ka fara da tsofaffi. Abokai da ƙawaye suna nan har dare, su za su neme ka. Dattijai su ne ke gajiya su sulale ba tare da kowa ya lura ba. Na taɓa biye wa abokan ango suna ta canza tsayuwa, kafin in waiwayo kakar amarya ta koma ƙauye. Ba a yi shekara ba Allah ya yi mata rasuwa, amaryar ta kira ni tana tambaya ko akwai hotonsu tare. Na bincika kaf, babu. Har yau abin yana ci mini rai, kuma tun daga ranar sunan kaka nake fara tambaya.

Lokacin kai amarya sai ka rage motsi. An lulluɓe ta, ta durƙusa gaban mahaifinta, gwaggo tana riƙe da kafaɗarta ana ce mata aure haƙuri ne, yi na yi, bari na bari. Uwa takan koma gefe ta juya baya don kada a ga hawayenta. Kashe filasha, tsaya daga bakin ƙofa, ɗauki biyu ko uku, ka bar su.

Bayan an watse

Kada ka kwanta a daren sai ka kwafe hotunan a wuri biyu, kwamfuta da wata ma'ajiya daban, kuma kada ka goge katin sai ka miƙa aiki. Wajen tacewa ka cire masu rufaffen ido da maimaici. Gyara ya tsaya ga haske da launi. Ina roƙon 'yan'uwana masu wannan sana'a su daina sauya wa amare launin fata har uwar da ta haife su ta kasa gane su. Baƙar fata mai sheƙi cikin leshi ba ta buƙatar a wanke ta.

Kada ka ɗora hoton kowa a Instagram ko Facebook sai ka nemi izinin ango da amarya, kuma izininsu bai shafi sauran matan da ke cikin hoton ba. Sannan ka ba su shawarar a wanke wasu a takarda a yi albam, domin waya tana ɓata, tana lalacewa. Ni nakan ƙara guda biyu manya ba tare da an biya ba, ɗaya na mahaifiyar amarya, ɗaya na mahaifiyar ango, in sa a ambulan in rubuta Hajiya a bayansa in ba ƙanwar amarya ta kai musu.