Yadda Ake Ƙirƙiro Sabon Sinadarin Korar Sauro

Mai son ƙirƙiro sinadarin korar sauro ya kamata ya fara da sanin yadda macen sauro ke gano mutum, domin ita ce mai cizo. Tana bin iskar kabon dayoksaid da muke fitarwa a numfashi, idan ta matso kuma sai warin gumi da ɗumin jiki su kai ta ga fata. Aikin sinadarin shi ne ya rikita wannan shinshina, ko ya sa ta ƙyamaci sauka.

Daga nan sai a nemi inda za a samo sinadarin. Ana iya ɗaukar tsarin wanda aka riga aka sani, kamar DEET da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta samar a shekarun 1940 domin sojoji, aka fara sayar wa jama'a a 1957, ko picaridin da kamfanin Bayer ya haɗa a shekarun 1980, a riƙa sauya sassansa kaɗan-kaɗan, tare da tantance dubban sinadarai a kwamfuta kafin a haɗa ko ɗaya. Ana kuma iya komawa ga tsirrai, kuma a ganina nan ne masu bincikenmu suka fi sakaci, alhali iyayenmu sun daɗe suna turara bawon lemo da ganyen darbejiya da daddoya a ɗaki da magariba. Ana tatso man ganyen da tururi, a rarrabe sinadaran da ke cikinsa da na'ura, a gwada kowanne shi kaɗai. Daga man itacen turare mai ƙamshin lemon tsami aka samu sinadarin korar sauro mai suna PMD, wanda ake sayarwa a duniya yau.

Gwajin keji shi ne zuciyar aikin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinsa a 2009. Ana zuba matan sauro 200 zuwa 250 da aka raina a ɗakin gwaji, marasa ɗauke da cuta, a cikin keji, a bar su da yunwa. Mai sa-kai zai fara zura hannun da aka shafa wa ruwan da ake narkar da sinadarin a ciki kawai, ba tare da sinadarin ba, domin a tabbatar sauron na da kwaɗayin jini. Idan ba su yi masa caa ba, gwajin ranar bai inganta ba. Sannan a shafa sinadarin daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, a sa safar hannu, a zura na minti uku, a maimaita duk bayan rabin awa ko awa ɗaya, har sauro na farko ya sauka. Tsawon lokacin da aka ɗauka kafin saukar nan shi ake rubutawa, a kwatanta da DEET mai ƙarfin kashi 20 cikin 100. Wajibi ne a gwada jinsi fiye da ɗaya, domin Anopheles mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro da Aedes mai yaɗa shawara da zazzaɓin denge ba halinsu ɗaya ba.

A nan ne yawancin man tsirrai ke faɗuwa. Suna korar sauro sosai da farko, amma saboda saurin tashinsu a iska, kariyar ba ta daɗewa, musamman a zafi irin namu inda gumi ke wanke fata. Saboda haka dole a yi aikin haɗi, a gauraya sinadarin da abin da zai riƙe shi, irin su banilin, sinadarin ƙamshin banila, ko a kulle shi cikin ƙananan ƙwayoyi masu sakinsa a hankali.

Kada a kai komai jikin mutum sai an gama gwajin guba, an ga ba ya ƙona fata ko ido, an kuma samu amincewar kwamitin ɗa'a da yardar masu sa-kai a rubuce. Sinadarin da ya tsallake gwajin keji sai a kai shi manyan rumfunan raga, irin na cibiyar Ifakara da ke Tanzaniya, sannan a fita fili da dare a lokacin damina. A Najeriya, bayanan waɗannan gwaje-gwaje ne za a gabatar wa hukumar NAFDAC kafin ta ba da lambar rajista.