Sawun da manhaja ta taka daban, wanda ta nuna maka daban

Ɗan yayana ya zo hutu ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim da aikin kammala digirinsa: lissafin yadda ruwa ke hawa da sauka a tankin rijiyar burtsatse mai sola. Irin lissafin sauyi ne da ba a gama shi da biro, sai a miƙa wa kwamfuta ta bi lokaci taku-taku. Malaminsa ya nemi ya nuna girman kowane taku. Da yamma ya same ni a zaure ya ce, "Baffa, takun lissafina duk daƙiƙa 600 suke fitowa, ko ɗaya bai bambanta ba."

Da jin haka na san inda gizo ke saƙa. Manhajar da ya yi amfani da ita, solve_ivp ta SciPy (kundin kayan lissafi na harshen kwamfuta Python), idan ba ka zaɓa mata hanya ba, RK45 take bi, wato tsarin da Dormand da Prince suka wallafa a 1980. Wannan tsari kamar mai tafiya a fadama yake: inda ƙasa ta bushe ya buɗe ƙafa, inda akwai laka ya rage taku. Ba zai yiwu takunsa su zo daidai wa daida ba. Yaron ya sa t_eval ne, wato jerin lokutan da ake son amsa a kansu, ya nemi amsa duk minti goma na awa 12, ita kuwa ta ba shi wurare 73 da ya nema. Ba a nan ta taka ba. Ta yi tafiyarta yadda ta ga dama, sannan ta ƙiyasta masa abin da ke tsakani. Gyaran ba wuya: cire t_eval, abin da ya fito a sol.t, wato jerin lokutan da ke cikin amsar, shi ne sawun gaskiya, np.diff kuma ya ba ka girman kowane taku. In kana son biyun, sa dense_output=True, ka bar sol.t yadda yake, ka tambayi sol.sol tsayin ruwa a duk lokacin da kake so.

Kuskuren da ya fi wannan yaudara shi ne na masu wayo. Sai mutum ya shiga cikin aikin (function) da ke lissafa saurin sauyin, ya sa a rubuta lokacin t duk sanda aka kira shi, yana ganin ya kama manhaja dumu-dumu. Abin da zai tara ya ninka takun gaskiya sau shida ko fiye, don RK45 kan kira aikin sau shida kafin ta kammala taku guda. Ga kuma takun da ta gwada, ta ga kuskuren ya wuce iyaka, ta janye ƙafa ta sake da ƙarami. Shi ya sa za ka ga lokaci yana komawa baya a jerin, har ka zaci kwamfutar ce ta samu matsala. Amma wannan ƙidaya tana da amfaninta. Ɗauki sol.nfev, wato adadin kiran da aka yi wa aikin, cire kira biyu na farawa, raba da 6: adadin duk yunƙurin da ta yi ke nan. Cire takun da ke sol.t, saura su ne waɗanda ta watsar. A lissafin tankinmu, da muka sa famfo ya tashi farat ɗaya da safe, wajen nan ne takun suka tsuke.

Masu amfani da manhajar lissafi ta MATLAB nasu tarkon daban ne. Ko ba ka ba ode45, takwarar RK45 a can, jerin lokuta ba, tana ƙara wurare a tsakani don zanen ya yi santsi, domin Refine ɗinta, mai ninka wuraren da ake nunawa, a kan 4 yake tun asali. Mai da shi 1 ta odeset, ko ka karɓi amsar a dunƙule ka duba sol.x. Kunna Stats kuma zai faɗa maka taku nawa suka yi nasara, nawa suka faɗi.

Tsohuwar odeint ta SciPy, wadda ke kan tsarin LSODA, ba ta ba da cikakken sawu ko kaɗan. Da full_output za ka ga hu (girman taku) da tcur (lokacin da ta kai) da nst (jimillar taku), amma sau ɗaya a kowane lokacin da ka nema, wato takun ƙarshe kawai kafin ta ba ka amsa. A ganina, mai son sawun LSODA ya koma solve_ivp ya zaɓi method='LSODA', ya huta.

Saura abu guda da na ja masa kunne a kai. Yawaita t_eval ba ya ƙara ingancin amsa, tunda bai taɓa takun ba. Masu riƙe da linzami su ne rtol da atol, iyakokin kuskuren da aka yarda da shi, waɗanda a SciPy suke 0.001 da 0.000001 in ba ka canza ba, sai max_step, girman taku mafi tsawo da aka yarje mata, wanda ba shi da iyaka tun asali. Idan gajimare ya tsayar da famfo na minti biyar alhali manhaja na takun awa guda, tana iya tsallake wurin ba ta sani ba. Muka sa max_step a daƙiƙa 60, ya sake kunnawa kafin batirin kwamfutar ya mutu, sai ga ɗan lotsawar a zanen.