Zaɓen Murhun Gashi da Gasa Nama a Tsakar Gida

Idan za ka sayi murhun gashi a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, domin ƙarfe mara kauri yakan lanƙwashe tun kafin wata Babbar Sallar ta zagayo. Ka duba yana da kafofin iska a ƙasa.

Gawayin ƙirya ya fi daɗewa yana ci, amma kada ka zuba masa kananzir, domin warinsa yana kama nama. Ka jira garwashi ya yi farin toka, ka tara shi gefe guda, ka fara ɗora naman a kan wuta mai ƙarfi, sannan ka janye shi gefe ya gasu a hankali kana shafa man gyaɗa. Ko ruwa ake yi, kada a shigar da murhun ɗaki, domin hayaƙin gawayi yana kisa.