Yadda ake haɗa mariƙi mai ɗumi da sauran kayan wuta a babur ɗin doguwar tafiya

Wanda ya taɓa tuƙi da asuba cikin tsananin sanyi ya san yatsu ne ke fara ƙagewa, kuma yatsun da suka ƙage ba sa kama burki da kuloci yadda ya kamata. Shi ya sa masu manyan baburan daji irin su Africa Twin, Ténéré 700, V-Strom da KLR650 suke sanya mariƙi mai ɗumi, wato robar hannun babur da wutar lantarki ke ɗumamawa. Sanya mariƙin kansa ba wuya. Inda ake ɓata aiki shi ne wajen ɗauko masa wuta, kuma ka'idar guda ce ga mariƙi, ga fitilun ƙari, ga cajar waya: wuta ta fito daga batir kai tsaye, ta bi ta fis, ta bi ta rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunna shi ya saki babba, makulli kuma ya zama shi ke ba rile umarni.

Kafin ka sayi komai, yi lissafin wutar da babur ke iya bayarwa. Wat shi ne bolt sau amfiya. Mariƙi biyu a zafinsu na ƙarshe suna jan kusan amfiya 4, wato wajen wat 50. Fitilun LED biyu masu wat 20 kowace sun ci 40, cajar waya 10 zuwa 15, rigar ɗumi mai aiki da lantarki kuwa takan kai wat 80 ko fiye. Littafin babur zai gaya maka ƙarfin koyil ɗin caji, amma ba duka ne naka ba, don babbar fitila, famfon mai da kwamfutar inji sun riga sun ɗauki rabonsu. Mitar auna wuta ce ke raba gardama. Batir lafiyayye da inji a kashe yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8, in inji na aiki kuma 13.8 zuwa 14.5. Bayan ka gama haɗi, kunna komai, ka ɗaga inji zuwa juyi 3,000 ko 4,000 a minti. In mita ta sauka ƙasa da 13, kana cin batir ne kana tafe, wata rana kuma zai bar ka a daji.

Kayan aiki: rile mai ƙafa huɗu na amfiya 30, gidan fis mai murfin roba, wayar 2.5 mm² don babban layi, ta 1.5 mm² don rassa, kawunan waya masu zobe, filayar matse su, robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, da igiyoyin roba na ɗaure waya. Cire kujera, da tanki in ya tare hanya. Kwance baƙin kan batir tukuna kafin ja. In ka fara da ja, sifana ta taɓa jikin babur, tartsatsi za ka gani.

Ƙafafun rile suna da lambobi a rubuce a gindinsa. Lamba 30 tana zuwa jan kan batir, kuma a kan wannan waya fis zai zauna, kusa da batir sosai, kada ya wuce santimita 15. Dalilin kuwa, fis waya yake karewa, duk tsawon da ke tsakaninsa da batir a tsirara yake, in ya goge da ƙarfe babu abin da zai tsayar da gobara. Ga wayar 2.5 mm², fis na amfiya 15 ya isa. Lamba 87 ita ce ke kai wuta ga kayan. Lamba 85 tana komawa baƙin kan batir. Lamba 86 ita ce ta umarni, ana haɗa ta da wata waya da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, kamar ta danjar baya ko ta fitilar lambar babur. Rile ba ya jan fiye da kusan kashi ɗaya cikin biyar na amfiya a wannan layi, don haka ba ya yi wa wayar nauyi. Wasu rile suna da diyod a ciki, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, su kam in ka juya 85 da 86 sai ya ƙone.

Duba ko kamfani ya riga ya bar maka soket. Baburan KTM da yawa suna da ACC1 mai wuta kullum da ACC2 mai bin makulli. ACC2 ita ce ta dace da lamba 86. Manyan BMW GS tun daga 2004 suna aiki da tsarin CAN-bus, inda kwamfuta ke auna wutar kowane layi, in ta ga an ƙara nauyi sai ta yanke shi ko ta nuna matsala. A irinsu kada ka yanka wayar asali. Yi amfani da soket ɗin kamfani ko na'ura irin Hex ezCAN. Ƙananan babura kuma da fitilarsu ba ta kamawa sai inji ya tashi, galibi wutar AC ce ke zuwa mata daga koyil, rile zai yi ta karkarwa in ka ɗauko umarni daga can.

In kayan sun wuce biyu, kai lamba 87 cikin ƙaramin akwatin fis, kowane abu da nasa: amfiya 5 ga mariƙi, 5 ga fitilu, 3 ga caja. Haka ya fi a tara zobba biyar a kan batir, inda noti ba ya ɗauruwa sosai. Baƙar wayar kowane abu ta dawo batir ko akwatin. Kada ka ɗaure ta a ƙarfen hannun babur, don wutar za ta bi ta boris ɗin wuya, inda giris ke hana ta wucewa daidai.

Mariƙin guda biyu ba girmansu ɗaya ba. Na hagu raminsa milimita 22 ne, na totur kusan 25, saboda yana hawa kan bututun roba. Yanke tsohon, ka kankare tsohon gam, ka goge da sinadarin wanke burki. Bututun totur yakan zo da ƙusoshin roba a jikinsa, a goge su da zarto har sabon mariƙi ya shiga da ɗan ƙarfi, ba da guduma ba, don bugu yana tsinka siririyar wayar ɗumi da ke ciki. Gwada shi babu gam tukuna, ka daidaita inda waya za ta fito yadda ba za ta tokare hannun burki ko kuloci ba, ka yi alama. Gam ɗin da ke zuwa da shi yana kamawa cikin daƙiƙu kaɗan, saboda haka da ka shafa, tura shi gaba ɗaya lokaci guda.

Ɓangaren totur shi ya fi bukatar natsuwa. Wayarsa tana juyawa duk sanda ka murɗa, don haka a bar mata lanƙwasa mai sassauci, ba a ja ta tsam ba. Murɗa totur har ƙarshe ka saki. Dole ya koma da kansa nan take. In ya yi jinkiri, ko dai gam ya zubo, ko bakin mariƙi yana gogar makarin da ke ƙarshen ƙarfen hannu, sai a datse kaɗan. Kar a hau babur sai an gyara wannan.

Wajen haɗa waya da waya, matsewa da filaya ta fi dalma a babur ɗin da ke shan gargada, domin dalma na sandarar da waya ta karye a daidai inda ta ƙare. Guji ƙananan maƙalan nan masu haƙori da ke huda rigar waya, suna yanke silin tagulla kuma ruwa na shiga ya yi tsatsa. Bi hanyar wayoyin asali, nesa da salansa da kan inji, sannan ka juya kan babur hagu da dama har ƙarshe ka tabbata babu wayar da ke miƙewa ko matsewa.

Mayar da jan kan batir, sannan baƙi. Murɗa makulli, za ka ji rile ya yi ƙas. In bai yi ba, auna lamba 86. In ya yi amma mariƙi bai yi ɗumi ba cikin minti biyu zuwa uku, duba fis da baƙar waya. In hagu ya fi dama sanyi, ba lallai matsala ba ce: ƙarfen hannu, musamman na alminiyom, yana zuƙe zafin hagu, na dama kuwa bututun roba ya kare shi. Kashe makulli ka sake aunawa a lamba 87, mita ta nuna sifili.