Farautar hadari a filayen Amurka: kurakuran da ke ɓata hoto, da waɗanda ke cin rai

Daga watan Afrilu zuwa Yuni, akwai mutanen da ke loda kyamarori a mota su bazama cikin filayen tsakiyar Amurka, daga Texas zuwa Oklahoma, Kansas da Nebraska, ba abin da suke nema sai hadari. A wannan yanki ne iska mai ɗumi da laima da ke tasowa daga Tekun Meziko take karo da busasshiyar iskar da ke gangarowa daga wajen duwatsun Rocky, ga kuma wata iskar mai sanyi da gudu a can sama. In suka haɗu daidai, sai a sami hadarin da shi kansa juyawa yake yi kamar katantanwa. Bari mu kira shi uwar hadari, don shi ke haifar da manyan ƙanƙara da mafi munin guguwar tonado, wato murɗaɗɗiyar iskar da ke saukowa daga gajimare har ƙasa. Ƙasar kuwa shimfiɗe take kamar faifai, sai ka hango hadarin ɗungurungum, daga gindinsa har ƙoƙuwarsa.

Sabon shiga yakan ɗauka guguwar ce abin tsoro. Titi ya fi ta. Ranar 28 ga Maris, 2017, mafarautan hadari uku suka mutu kusa da garin Spur a Texas, ba iska ce ta taɓa su ba: mota ɗaya ce ta wuce alamar tsayawa a mararraba ta daki ɗayar. A ƙarshen Afrilun 2022, ɗalibai uku masu karatun ilimin yanayi a Jami'ar Oklahoma suka rasu a hanyarsu ta komawa gida daga Kansas, bayan motarsu ta zame a kan jiƙaƙƙen titi da dare, babbar mota ta same su. Wanda ya wuni yana tuƙa ɗaruruwan kilomita, idonsa ɗaya a sama ɗaya a waya, bai bar wa titi komai ba. Gyaran bai da wuya, girman kai ne ke hana shi: kada ka fita kai kaɗai. Direba ba ya taɓa kyamara, ba ya duba taswira, wannan aikin na wanda ke zaune kusa da shi ne. In za a tsaya, a sauka daga kwalta gaba ɗaya, ba a kan kwana ko bayan tudu ba, kuma kada a bar ƙofa buɗe ta ɓangaren titi. A ranar babban hadari motocin mafarauta kan yi jerin gwano a ƙaramar hanya guda, kowa hankalinsa na sama. Da an gama, a kwana a gari mafi kusa.

Sai maganar inda ake tsayawa, kuma a nan Bahaushe na da nasa tarkon na musamman. Mun saba hadarin damina daga gabas yake tasowa, har jiki ya san inda zai waiga. A can akasin haka ne: galibi daga kudu maso yamma hadarin ke fitowa ya nufi arewa maso gabas. Ruwa da ƙanƙara suna zuba a gabansa da arewacinsa, wurin juyawar kuma, inda guguwa ke saukowa, yana can gefen kudu maso yamma. Shi ya sa masu gogewa suke neman kudu maso gabas da shi, inda ido ke ganin gindin gajimaren ba labulen ruwa. Wanda ya makara ya tsinci kansa a arewa, sai zuciya ta raya masa ya ratsa ta tsakiyar ruwan ya ɓullo kudu. Wannan yanke ba ya da riba. Mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne ƙanƙara ta farfasa gilashin mota. Wadda ta faɗo a Vivian ta Dakota ta Kudu a Yulin 2010 faɗinta ya kai santimita 20, nauyinta ya kusa kilo ɗaya. Mafi muni kuwa, ka fito daga cikin ruwan ka tarar da guguwar a bakin hancinka. Ka zagaya ko da zai ci maka awa guda, ko ka haƙura da wannan hadarin.

To amma kada “galibi” ta zame maka “kullum”. Abin da ya faru kusa da El Reno a Oklahoma ranar 31 ga Mayu, 2013, shi ne darasin da har yau ake maimaitawa. Guguwar ta fara ne da nufar kudu maso gabas, wato inda mutane suka saba fakewa, sannan ta karkata, ta ƙara gudu, ta kumbura har faɗinta ya kai kilomita 4.2, mafi faɗin da aka taɓa aunawa. Ruwa ya lulluɓe ta, kuma abin da ido ke gani a matsayin jikinta bai kai ainihin da'irar iskar ba. Mutum takwas ta kashe, dukkansu a cikin mota. Cikinsu har da Tim Samaras, injiniyan da ya shekara da shekaru yana ajiye na'urorin awo a gaban guguwa, aka kuma san shi da taka-tsantsan, tare da ɗansa Paul da abokin aikinsa Carl Young. In irin wannan mutum zai rutsa, wanda ya fara fita bara ba shi da hujjar matsawa kusa. Kafin ka tsayar da mota, ka san hanyoyi biyu na gudu, aƙalla ɗaya ta nufi kudu, kuma ka juya hancin motar ya fuskance ta. Kada ma ka kashe injin. In gindin hadarin ya rufe da ruwa har ba ka iya ganin abin da ke ciki, ka ɗauka akwai guguwa a ciki, ka ja baya.

Taswirar waya tana nuna hanyoyin karkara a jere, mil ɗaya-ɗaya tsakaninsu kamar zanen dara, sai ka ga mafita ko'ina. Da yawansu ba kwalta. Jar ƙasar Oklahoma da ta sha ruwa takan koma kamar sabulu, motar da ta shiga sai tarakta. Hanyar ƙasa ba hanyar gudu ba ce. Haka hoton radar da ke wayarka, mai nuna inda ruwa ke zuba: na mintuna kaɗan da suka wuce ne, in sabis ya ɗauke a daji kuma ya daskare yana nuna maka tsohon labari ba tare da ka lura ba. Ka riƙa duba lokacin da ke jikin hoton. In allo da sama suka yi saɓani, sama ce mai gaskiya.

Ƙarƙashin gada ba mafaka ba ce. Wani bidiyo da aka ɗauka a Kansas a 1991 ne ya yaɗa wannan tunani, sai ga shi ranar 3 ga Mayu, 1999, mutane sun mutu a ƙarƙashin gadojin Oklahoma. Iska ƙara ƙarfi take yi a matsi, motocin da suka taru kuma su toshe wa kowa hanya. Ruwan da ya haye titi shi ma ba a gwada shi: mai zurfin santimita 30 in yana gudu ya isa ya ɗaga ƙaramar mota.

Aradu ce abin da mai kyamara ya fi rainawa. Ka dubi yadda yake tsaye: fili fetal, ba bishiya ba gini, shi ne mafi tsayi a wurin, hannunsa a kan ƙafafun kyamara, bayansa ga shingen waya. Ƙidaya tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce, amma kada lissafin ya ruɗe ka, aradu na iya faɗowa kilomita 15 daga inda ake ruwa. Ka kafa kyamarar, ka koma cikin mota ka rufe, ka riƙa danna ta daga nesa. Ƙarfen jikin motar ne ke kare ka, ba tayoyi ba.

Yanzu hoton kansa. Abin da na fi jin takaicinsa shi ne mutum ya sa ransa a haɗari don ya matsa kusa, ya dawo da hoton toka-toka da ba a gane komai. Kyan uwar hadari a siffarta yake, wannan murɗaɗɗen jiki mai hawa-hawa kamar an jera faifai, kuma ba ya shiga kyamara sai daga nesa, kilomita goma ko fiye, da gilashi mai faɗin gani, kamar mai milimita 14 zuwa 24. Mai zuƙo nesa ka ajiye shi a kusa don guguwar in ta sauko. Ka nemi abin da zai nuna girman abin: rumbun hatsi na ƙarfe, injin iska na jan ruwa, titin da ya miƙe, gonar alkama. Ba su, gajimare ne kawai.

In ka bar kyamara ta zaɓa wa kanta haske, baƙin gajimaren zai ruɗe ta ta buɗe ido da yawa, wurin da ke da haske ya ƙone fari fat. Rage hasken kaɗan, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, daga baya ka tono abin da ke cikin duhun. Saitin gani ma ka yi shi da hannu, ka daidaita a kan wani abu mai nisa ka bar shi, don kyamara ba ta samun abin kamawa a jikin gajimare da ruwa. Walƙiyar dare ba a binta da saurin yatsa, ba wanda ya taɓa riga ta. Kafa kyamara a kan ƙafa-uku, ka sa ƙarfin jin haske a ISO 100, faɗin ido a f/8, ka bar idon a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 20, ka yi ta maimaitawa. Da rana sai da 'yar na'urar da ke danna kyamara da ta ga walƙiya. Wajen gyara a kwamfuta kuma a ji tsoron Allah. Koren da ke fitowa a cikin hadari mai ƙanƙara na gaske ne, ba ya buƙatar a mayar da shi kalar alawa.

Akwai masu fita sai ranar da Cibiyar Hasashen Hadari da ke garin Norman a Oklahoma ta ɗaga gargaɗinta zuwa mataki na huɗu ko na biyar, wanda shi ne ƙoli. Irin waɗannan ranaku hadarin kan yi gudun da mota ba ta iya bi, ga hazo, ga cunkoso. Ranar mataki na biyu, da hadari guda a tsaye shi kaɗai a yammacin Kansas yana tafiya a hankali, ta fi ba da hoto. Wata rana kuma iska mai zafi za ta danne sama kamar murfin tukunya, ka wuni a gidan mai kana kallon shuɗiyar sama, ba ko ɗigo. Mafi yawan fita ba a ganin guguwa. Kafin fitar farko, ka halarci horon SKYWARN na gane alamun hadari da hukumar yanayi ta ƙasar ke bayarwa kyauta, ka kuma bi wanda ya daɗe a harkar.

In ka iso garin da guguwa ta ratsa, ajiye kyamarar. Kira 911, lambar agajin gaggawa, ka faɗi wurin daidai. Kada ka taka ko ka haye wayar lantarki da ta faɗi, kada ka kutsa da mota cikin tarkace don ƙusoshi ne ko'ina, kuma in ma'aikatan agaji sun riga sun iso, ka juya ka bar musu hanya.